Mene Ne Rumatoloji, Kuma Me Ya Haɗa Shi da Likitan Iyali?

Rumatoloji fanni ne na likitanci da ke kula da cututtukan gaɓoɓi, ƙashi da tsoka, har da waɗanda garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa mai ita. Abin da jama'a ke yi wa kuɗin goro su kira amosanin gaɓɓai ko sanyin ƙashi, a wurin masana cututtuka ne sama da 100, kuma kowacce da maganinta. Akwai zaizayewar guringuntsi da ke zuwa da shekaru, akwai gawut mai kama babban yatsan ƙafa cikin dare, akwai lufus mai taɓa fata, gaɓoɓi da sauran sassan jiki, sai rumatoyid, wato kumburin gaɓoɓi da garkuwar jiki ke jawowa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 18 na fama da shi a 2019, kusan kashi 70 cikin ɗari mata ne.

Ƙwararrun fannin ba su da yawa, kuma mai ciwon gaɓa likitan iyali yake fara gani. Shi ya sa ake horar da shi.

Babban abin da ake koya masa shi ne raba ciwon kumburi da na zaizayewa. Zai tambayi majiyyaciya: idan kin tashi da safe, minti nawa yatsunki ke yi a ƙage? Idan sun wuce rabin awa, kuma motsi na sassauta su, kumburi ne ake zargi. Sai ya kama hannun ya matsa gaɓoɓin tushen yatsu a hankali, ya dubi fuskarta ya ga ko ta ji zafi. Wannan ɗan gwaji ba ya buƙatar na'ura, amma a ganina ya fi tarin magungunan kashe zafi amfani, domin rumatoyid na fara cinye gaɓa tun da wuri, kuma abin da ya cinye ba ya dawowa. Ƙungiyar likitocin fannin ta Turai, EULAR, ta ba da shawarar ƙwararre ya ga mai kumburin gaɓa cikin mako 6 da farawar alamun. Gaɓa ɗaya da ta kumbura, ta yi zafi, ga zazzaɓi, wannan kam na gaggawa ne, ba ya kwana.

Bayan ƙwararre ya ɗora magani, bibiya na komawa hannun likitan iyali. Methotrexate, maganin rumatoyid, alal misali, sau ɗaya ake sha a mako, shan sa kullum na iya kisa. Ana haɗa shi da folik asid, wani nau'in bitamin, ana auna jini da hanta lokaci-lokaci, kuma ba a ba mai juna biyu.