Me ake nufi da ACL, kuma yaya tiyatarta take ga yara?

Masu zaman gidan kallon ƙwallo a Jekadafari, cikin garin Gombe, sun saba jin an ce ɗan wasa "ya samu ACL", kamar Van Dijk na Liverpool a Oktoban 2020, da kaka ta ƙare ba da shi ba. To, ACL ba sunan ciwo ba ce. Wata gajeriyar jijiya ce can cikin gwiwa, ta ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri don kada na ƙasan ya zame gaba.

Sau da yawa ba taka mutum ake yi ba. Yaro na gudu sai ya juya farat ɗaya, ko ya diro a karkace, ya ji ƙas! Kafin magariba gwiwa ta kumbura suntum. A gida a ce targaɗe ne, a kira mai ɗori. Kumburi ya saɓe, amma da ya juya cikin sauri sai gwiwar ta zille masa. Hoton ƙashi ba ya nuna jijiyar, sai na na'urar MRI mai nuna nama da jijiyoyi.

Idan ta tsinke gaba ɗaya, ba kasafai take haɗewa da kanta ba. Likita kan yanko wata jijiya daga jikin yaron, galibi ta bayan cinya, ya huda ƙasusuwan biyu ya zura ta. Nan gizo ke saƙar. Daf da gwiwa akwai guringuntsin da ƙafar yaro ke ƙara tsawo daga gare shi. In aka lalata shi, ƙafa na iya karkacewa ko ta gaza 'yar'uwarta tsawo. Saboda haka a da akan ce a jira yaro ya gama girma, sai aka ga jiran na cinye guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan. Yanzu akwai dabarun kauce wa wurin girman, matsalar kuma ba ta cika faruwa ba.

Yawancin yaran da aka yi wa aikin suna komawa wasa. Sai dai su suka fi manya sake tsinka ta, ko ta ɗaya ƙafar: kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar na matasan da suka koma fili. Likitoci kan ce a yi wata 9 zuwa 12 ana gashi da atisaye. Ni a ganina wannan ya fi tiyatar wuya, don ɗan shekara 15 da ya daina jin zafi a wata na huɗu, yana jiyo ihun 'yan kallo daga filin Pantami, sai Baba ya ɓoye masa takalmin ƙwallo.