Waiwaye: yadda muƙamuƙin ƙasa ya zama abin bincike a Koriya ta Kudu

Tun da daɗewa masu binciken ƙasusuwan mamata in suka tono kwarangwal, ƙashin ƙugu suke fara dubawa don gane namiji ne ko mace, to amma sau da yawa ƙugun ya riga ya ruɓe ko ya farfashe, sai a koma kan muƙamuƙin ƙasa tunda shi ne ƙashi mafi ƙwari a fuska. Na namiji yawanci ya fi girma da kauri, haɓarsa da faɗi, saboda in ya balaga sinadarin testosteron na sa ƙashin ya ci gaba da girma har bayan na mace ya tsaya.

A 1964 wani masanin ƙasusuwa, Eugene Giles, ya fito da lissafin awon muƙamuƙi don bambance namiji da mace, amma da ƙasusuwan Amurkawa ya yi aikin. A 1996 kuma Susan Loth da Maciej Henneberg suka ce akwai wata 'yar lanƙwasa a bayan muƙamuƙin maza, wai a ƙasusuwan Afirka ta Kudu da suka duba ta ba su daidai har kashi 99 cikin 100, da wasu suka gwada a wasu al'ummomin sai sakamakon ya yi ƙasa sosai. Nan fa aka ƙara gane cewa awon wata al'umma ba lallai ya hau kan wata ba.

Su Koriyawa abin ya shafe su kai tsaye. Yaƙin 1950 zuwa 1953 da kashe-kashen tsibirin Jeju da suka fara a 1948 sun bar dubban mutane a kaburburan da babu suna, har a filin jirgin Jeju an tono ƙasusuwa daga 2007, kuma wallahi duk wanda aka tono ɗan wani ne ko 'yar wani, akwai iyalin da ke jira. A 2006 masana a Koriya suka wallafa bincike kan muƙamuƙan mutanensu, suka ga haɓar maza ta fi zama mai kusurwa, gefen ƙasan muƙamuƙin mata kuma ya fi miƙewa.

Daga baya kuma an shiga auna muƙamuƙan matasa, to me ya kawo haka? Gawarwakin da ake nazari a makarantun likitanci galibi na tsofaffi ne, kuma in haƙora suka zube ƙashin na zaizayewa siffar ta canza, shi ya sa da na'urar CBCT, mai ɗaukar hoton ƙashin fuska ta kowane ɓangare, ta zo a ƙarshen shekarun 1990 aka samu damar auna matasa masu rai da haƙoransu cikakku.

Ga kuma likitocin gyaran fuska na unguwar Gangnam a Seoul, su ma awon nan suke buƙata kafin su sassaƙe kusurwar muƙamuƙi fuska ta tsuke kamar harafin V. A 2014 har tara aka ci wani asibiti can don ya jibge guntayen ƙasusuwan da ya yanke cikin gilashi yana nuna wa jama'a. Ni abin da ke damuna shi ne, kusurwar nan da ake sassaƙewa tana cikin wuraren da mai binciken gawa ke dubawa ranar da aka rasa gane mutum.