Me Ya Sa Ƙananan Wasannin Dandamali Ke Naɗe Tabarma Da Wuri?

A Sakkwato ba sabon abu ba ne ƙungiyar wasan kwaikwayo ta kama ɗakin taro, ta buga tikiti, ta yi shelar dare biyar, amma a wayi gari bayan dare na biyu an kwashe kujeru. Ga amsoshin wasu tambayoyi da ake yawan yi a kan lamarin.

Shin rashin kyawun wasan ne ke kashe shi?

Wani lokaci haka ne, amma galibi lissafi ne ke kashe shi. Kuɗin wasan dandamali kashi biyu ne. Akwai wanda ake kashewa sau ɗaya kafin a buɗe, wato na sutura da kayan ƙawata dandamali da talla da kuɗin motar 'yan wasa a makonnin bita. Akwai kuma wanda ake biya duk daren da aka kunna fitila: hayar ɗaki da kujeru, man janareta, mai lasifika, masu tsaron ƙofa, da sallamar 'yan wasa. Yawancin masu shirya wasa kashin farko kawai suke tarawa, suna sa ran kuɗin ƙofa zai ɗauki na biyun. Fim idan an gama shi an gama, ko mutum miliyan ne suka kalla ba a sake tara 'yan wasa, amma wasan dandamali sai an sake yin sa daga farko kowane dare. Masana tattalin arziki biyu na Amurka, William Baumol da William Bowen, sun bayyana wannan matsala tun 1966: wasan da ke buƙatar mutum goma da awa biyu haka zai ci gaba da buƙata, alhali farashin komai yana hawa.

Yaya lissafin yake a aikace?

A ɗauka, don misali kawai, an kama ɗaki mai kujera 200, tikiti kuma naira 1,000. Ko ɗakin ya cika maƙil, abin da zai shigo bai wuce naira 200,000 ba, domin bango ba ya miƙewa. Idan hidimar dare guda ta ci naira 120,000, sai an sayar da kujera 120 kafin a tashi babu ci babu asara, kuma ba a taɓa maido da ko sisi daga jarin farko ba. To, a cikin waɗanda suka zauna a layin gaba akwai manyan baƙi masu katin gayyata, a bayansu akwai 'yan uwa da abokan 'yan wasa, a bakin ƙofa kuma ga wanda ke cewa, "Haba, ni ɗan gida ne," mai karɓar tikiti yana jin nauyin mayar da shi. Ɗaki zai yi kamar ya cika, a yi tafi, a ɗauki hotuna, amma idan aka zazzage jakar kuɗi bayan an watse sai a ga ko na mai janareta bai fito ba. Kujerar da ba a sayar ba kuwa kamar ƙanƙara ce a zafin Afrilu, ba a ajiye ta a sayar gobe.

Bahaushe yana son wasan kwaikwayo, me zai hana shi biya?

Yana so ƙwarai, sai dai bai saba biya a bakin ƙofa ba. Tashe a watan azumi, da 'yan kama, da 'yan gambara, duk su ne ke zuwa inda jama'a take, su yi wasa, sannan wanda ya ji daɗi ya ba da abin da ya sawwaƙa. Da rediyo da talabijin suka zo, irin su Rediyon Rima da NTA Sakkwato, wasan ya shigo har tsakar gida kyauta. Daga 1990 finafinan bidiyo na Hausa suka karɓi kasuwar, yau kuma barkwanci yana cikin wayar kowa. Saboda haka mai sayar da tikiti yana roƙon mutum ya biya tun bai ga kaya ba, a kan abin da ya saba samu ba tare da ya ɗaga daga tabarmarsa ba. Saurayin da ke da 'yan canji a aljihu ma gidan kallon ƙwallo ya fi masa araha.

Lokaci da yanayin gari suna da hannu?

Suna da shi sosai. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, ɗaki ba ya zaunuwa sai da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, wato sai da janareta, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 wannan kaso ya yi nauyi. Filin Allah ya fi sauƙi, amma damina da ƙurar hunturu ba su da alkawari. Tsakanin La'asar da Magariba lokacin gajere ne, bayan Isha'i kuma magidanta da yawa ba za su bar iyalinsu su fita ba, wanda ya fito daga unguwar Arkilla ko Mabera ma sai ya lissafa kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa a kan na tikiti. Ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da na Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari suna cikin waɗanda aka fi sa rai da su, da zarar an yi hutu ko an shiga jarrabawa sai a neme su a rasa.

A ƙasashen da suka daɗe da wannan sana'a fa?

Can ma haka ne. A Broadway da ke birnin New York, inda kowane gidan wasa yake da kujera 500 ko fiye, sananne ne cewa mafi yawan wasanni ba sa maido da jarinsu, kuma a yarjejeniyar haya akan ba mai gida damar sallamar wasa idan cinikin mako ya faɗi ƙasa da adadin da aka yanka. A Ingila gidajen wasa da dama da tallafin hukuma suke tsaye. A nan Najeriya ma ƙungiyoyin Yarbawa masu yawo gari-gari, waɗanda Hubert Ogunde ya share wa hanya tun shekarun 1940, sun rayu ne da kai wasa ɗaya garuruwa da yawa, kuma duk da haka fim da bidiyo suka janye su daga dandamali.

Samun mai ɗaukar nauyi ba zai warware matsalar ba?

Yana warware ta dare guda. Ƙungiyoyin agaji da ma'aikatu sukan biya a yi wasan faɗakarwa a kan rigakafi ko karatun 'ya'ya mata, jama'a su kalla kyauta. Aikin alheri ne, amma a ganina yana ƙara sabar wa mutane da cewa wasa ba abin saye ba ne, marubuci kuma yakan koma rubuta saƙon mai biya maimakon labarin da zai sa wani ya zaro kuɗinsa.

Me ya sa rufewar ke zuwa tun a kwanakin farko?

Domin ƙaramin wasa da baki yake tallata kansa, bakin kuwa yana buƙatar kwanaki. Daren farko dangi da abokai ne ke cika shi, na biyu shi ne ke nuna ainihin kasuwa, kuma a lokacin babu ajiyar da za ta riƙe wasan har labarinsa ya zaga majalisu. 'Yan wasan ma malaman makaranta ne da ɗalibai da teloli, ba za su yi ta zuwa a kan "Allah Ya saka da alheri" ba, mutum ɗaya ya janye a manyan 'yan wasa sai komai ya tsaya. Waɗanda suka fi jurewa su ne masu rage yawan 'yan wasa da kaya yadda mota ɗaya za ta ɗauke su, su sayar wa wata makaranta a Bodinga ko Wurno da wasan a dunƙule, su karɓi rabin kuɗin kafin su tashi daga Sakkwato.