Amsoshin Tambayoyin Da Ake Yawan Yi Mini Kan Rubutun Kwamfuta

Waɗannan tambayoyi kan rubutun da kwamfuta ke haɗawa da kanta sun zo mini sau da yawa har na gaji da amsa su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na tattara su wuri guda.

Da ChatGPT aka fara rubutun kwamfuta?

A'a. An fitar da wannan manhaja mai amsa tambayoyi da rubutu a Nuwamba 2022, alhali tun 1952 Christopher Strachey ya sa kwamfutar jami'ar Manchesta da ke Ingila tana rubuta wasiƙun soyayya. Shekara 70 ke tsakaninsu.

Kwamfutar ta Manchesta ta san abin da take rubutawa kuwa?

Ba ta sani ba. An ba ta jimloli masu gurabe da jerin kalmomi, ita kuma tana cike guraben da duk kalmar da ƙuri'a ta faɗa wa.

Me ya haɗa wannan da masu fasahar da suka bijire wa al'ada?

Su ne suka share fagen, kuma abin yana ɓata mini rai idan na ga ana zancen kamar babu su. A 1920 Tristan Tzara, ɗaya daga cikin jagororin ƙungiyar Dada da ta kafu a Zurich a 1916, ya bayyana yadda ake yin waƙa: a samo labari a jarida, a yanke kowace kalma da almakashi, a zuba a jaka, a girgiza, sannan a riƙa zaro su ana rubutawa yadda suka fito. A 1961 Raymond Queneau na ƙungiyar marubuta ta Oulipo a Faransa ya buga waƙoƙi 10 masu layi 14 kowace, aka tsaga shafukan yadda kowane layi yake kan zirin takardarsa, mai karatu ya ɗaga wannan ya bar wancan. Abin da ke iya fitowa waƙa tiriliyan 100 ne, kuma babu wutar lantarki a ciki. Ƙa'ida da sa'a su ne injin. Kwamfuta sauri ta ƙara musu.

Ina intanet ta shigo?

A 1919 mai fasaha Marcel Duchamp ya zana wa matar da ke cikin shahararren zanen Mona Lisa gashin baki a kan katin hoto, ya rubuta 'yan haruffa a ƙasa. Ɗaukar hoton da kowa ya sani a sauya masa ma'ana da taƙaitaccen rubutu, shi ne abin da ake yi dare da rana a shafukan sada zumunta. An kuma yi wani shafi mai suna Horse_ebooks a Twitter, wanda mutane suka daɗe suna sha'awar guntayen maganganunsa a matsayin shirmen na'ura, sai a 2013 aka bayyana cewa tun 2011 mutum ne yake rubuta su.

Na yi amfani da manhaja wajen haɗa waƙa ko labari. Zan iya sa sunana?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma amsarta ta danganta da abin da ka yi da hannunka. Idan kai ka tsara ƙa'idar, ka zaɓi kalmomin da na'urar za ta ci, ka tace abin da ya fito, to aikinka ne a ganina, kamar yadda ba a jingina waƙar Tzara ga jakar. Idan kuwa umarni guda ka rubuta, ka kwafe amsar ba tare da ka taɓa ta ba, da wuya in kira ka marubucinta, ko da yake ban ce ka yi laifi ba muddin ba ka ɓoye ba. Tsakanin waɗannan biyu ne mafi yawan mutane suke, a nan kuma hukunci yake wuya, domin gyaran jimla uku daban yake da sake gina labari. Doka ma ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka, ofishin haƙƙin mallaka ya bayyana a 2023 cewa abin da ɗan Adam ya ƙirƙira kaɗai yake karewa, saboda haka mai yiwuwa ɓangaren da ka rubuta ko ka tsara ya samu kariya, na na'urar ya rasa. Ka kuma karanta sharuɗɗan inda za ka aika: a Fabrairu 2023 mujallar Clarkesworld ta dakatar da karɓar labarai na ɗan lokaci saboda yawan waɗanda na'ura ta rubuta. Kada ka tsorata, amma ka faɗi yadda ka yi. Tzara da Queneau sun baje hanyarsu a fili, domin a wurinsu hanyar ma ɓangare ce na aikin, kuma abin da nake zargin da yawa daga masu yi a yau da shi ke nan: suna ɓoye abin da magabatansu suke alfahari da nunawa.

Akwai manhajar da za ta tabbatar mini cewa na'ura ce ta yi rubutu?

Babu wadda za ta ba ka tabbaci. Kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, da kansa ya janye tasa a Yuli 2023 saboda yawan kuskurenta. Ku daina yanke wa ɗalibi ko marubuci hukunci da ita. Ku kira shi, ku nemi ya nuna muku daftarinsa na farko, ya bayyana dalilin da ya sa ya zaɓi wannan kalma ya bar waccan.