Dokar auren gidan sarautar Japan da nauyin da ta ɗora wa matar yarima

Duk sanda aka sa hoton wata budurwa da ta auri ɗan sarki sai kaga mutane ana ta cewa ta tsinci dami a kala, ta haye, ta gama da talauci har abada. Ni kam tunda na zauna na bibiyi yadda dokar gidan sarautar Japan take sai na daina kallon abun haka, dan wallahi akwai abubuwa a cikin dokar nan da idan aka karanto ma yarinya su tun kafin ta amsa, sai ta nemi a bata lokaci ta sake tunani. Bari in warware muku ita yadda kowa zai gane.

Sunan dokar Dokar Gidan Sarauta, majalisar dokokin Japan ce ta yi ta a 1947, ta fara aiki ranar 3 ga Mayu na shekarar tare da sabon kundin tsarin mulkin da aka rubuta bayan yaƙin duniya na biyu lokacin da sojojin Amurka ke riƙe da ƙasar. Ba ta da tsayi, sashe 37 ne kacal, amma ita ke faɗin wanda zai gaji sarauta, da wanda ake ƙirgawa ɗan gida, da yadda ake shiga gidan da yadda ake fita.

Toh ƙofar shiga ɗaya ce tak. Sashe na 15 yace babu wani na waje da zai zama ɗan gidan sarauta sai mace da ta auri sarki ko ta auri ɗaya daga cikin mazan gidan. Namiji na waje ko ya auri ƴar sarki ta cikinsa ba zai shiga ba, ita ce ma zata fito ta same shi. Sashe na 9 kuma ya hana sarki da duk ƴan gidan ɗaukar ɗan riƙo su maida shi nasu. Ku riƙe waɗannan biyun, zamu dawo kansu.

Ita kanta ƙofar ba haka kawai ake turata ba. Kundin tsarin mulkin Japan a sashe na 24 yace aure yardar mutum biyu ce kawai, babu ruwan kowa, amma idan ango namijin gidan sarauta ne sashe na 10 na dokar gidan yace sai Majalisar Fada ta zauna ta amince. Mutum 10 ne a majalisar: biyu daga dangin sarki, kakakin majalisar wakilai da mataimakinsa, shugaban majalisar dattawa da mataimakinsa, firaminista wanda shine ke jagorantar zaman, shugaban Hukumar Fada, alƙalin alƙalai da wani alƙali ɗaya na kotun ƙoli. Kenan yarinya tana gidan ubanta amma shugabannin dukkan ɓangarorin gwamnati uku ne zasu zauna akan maganar aurenta, a kaɗa ƙuri'a, masu rinjaye su yanke. Haka aka zauna ranar 27 ga Nuwamba 1958 akan Michiko Shoda, ƴar mai kamfanin fulawa, wadda ta auri Yarima Akihito ranar 10 ga Afrilu 1959 tana da shekara 24, ita ce mace ta farko da ba jinin sarauta ko na manyan masu mulki ba da ta auri mai jiran gado. Haka kuma aka zauna ranar 19 ga Janairu 1993 akan Masako Owada, wadda ta auri Yarima Naruhito ɗan Akihito.

Daga ranar da aka ɗaura, sunanta zai fita daga rajistar iyali ta gama-gari da duk ɗan Japan yake ciki, a shigar da shi kundin asalin gidan sarauta. Abun kamar aikin takarda ne kawai amma ba ƙaramin abu bane, dan ƴan gidan sarautar basu da sunan dangi, sai sunan yanka da laƙabi, kenan Owada ɗin nan ya tafi, sannan tunda bata cikin rajistar bata da ƙuri'a kuma bata tsayawa takara. Maganar siyasa kuwa bakinta alekum, saboda tsarin mulki ya maida sarkin alamar ƙasa ne kawai wanda bashi da iko a gwamnati, duk wata kalma da ta fito daga gidan ana auna ta. Tafiye-tafiyenta, waɗanda zata gani, inda zata je da sanda zata yi magana da ƴan jarida, Hukumar Fada ce ke tsarawa, ita kuma hukuma ce ta gwamnati mai ma'aikata kusan dubu.

Wani abu da ba kowa ya sani ba, dokar bata maida matar sarki ƴar kallo gaba ɗaya ba. Sashe na 17 ya jera waɗanda zasu riƙe ƙwarya idan sarki yaro ne ko rashin lafiya ta kwantar dashi, bayan mazan gidan sai matar sarki, sai uwar sarki, sai kakarsa, sannan gimbiyoyi. Wato macen da ta shigo daga waje tana iya riƙe ragamar gidan a madadin sarki, har ma tana gaba da ƴar da aka haifa a gidan a wannan layin. Amma kujerar kanta babu macen da zata hau.

Nan ne gizo ke saƙar. Sashe na 1, jimla ɗaya ce, tace namiji ne zai gaji sarauta kuma wanda jinin sarautarsa ta wajen uba ne. Sashe na 6 kuma ƴaƴan aure kaɗai yake ƙirgawa a matsayin yarima ko gimbiya. Da can ba haka abun yake ba, sarakunan Japan suna da ƙwarƙwarori, Sarki Meiji ɗan ƙwarƙwara ne, ɗansa Taisho ma haka, kuma tsohuwar dokar 1889 wadda ita ce ta fara rubuta haramcin sarautar mata ta bar ma ɗan ƙwarƙwara damar gado idan babu na uwargida. Sarki Hirohito ɗan Taisho ne ya ƙi ajiye ƙwarƙwara, matarsa Nagako da ya aura a 1924 tana da shekara 20 sai da ta haifi mata huɗu a jere kafin Akihito yazo a Disambar 1933, ku ƙiyasta irin zaman da yarinyar nan tayi a shekarun nan tara. Sannan a Oktoban 1947 aka sauke rassa 11 na dangin sarki, mutum 51 suka koma talakawan gari rana ɗaya. Toh ku haɗa lissafin, dole sai namiji, mace ɗaya ce, babu ɗan riƙo, babu dangi na gefe da za'a ɗauko daga cikinsu. Duk wannan nauyin a cikin mace guda ya sauka, akan abun da ba ita ke da iko dashi ba, haihuwar namiji ko mace ai ba zaɓin uwa bane.

Masako ce wannan lissafin ya fi murƙushewa, kuma ita ba yarinya ƙarama bace da za'a ce bata san duniya ba. Ƴar jakada ce, ta yi karatun tattalin arziki a Harvard, ta shiga ma'aikatar harkokin waje a 1987 lokacin mata ƙalilan ne ke samun irin wannan aikin, daga baya ta ƙara karatu a Oxford. Sun haɗu da Yarima Naruhito a 1986 wajen wata liyafa da aka shirya ma gimbiyar Sifen, ya daɗe yana nema tana ƙi saboda bata son barin aikinta, sai a ƙarshen 1992 ta amince bayan ya mata alƙawarin zai kare ta iya ƙarfinsa har ƙarshen rayuwa. Aka yi biki ranar 9 ga Yuni 1993 tana da shekara 29. Shiru shiru ba labari, jaridu na ta ƙirga mata shekaru, a Disambar 1999 wata jarida ta riga fada fasa maganar tana da ciki, kafin watan ya ƙare cikin ya zube. Ranar 1 ga Disamba 2001 Allah ya sauke ta lafiya, mace, Gimbiya Aiko. Ƙasa tayi murna sosai amma a wajen doka gadon na nan babu mai hawa, har a 2003 shugaban Hukumar Fada na lokacin ya fito gaban ƴan jarida yana cewa yana fatan a samu na biyu, daga baya kuma yace yana fatan ƙanin yarima ya ƙara na uku. Ni wannan maganar har yanzu tana ci min rai, ace ma'aikacin gwamnati ne ke sanar ma duniya yawan haihuwar da ake so daga matar wani.

Ƙarshen 2003 ta kwanta rashin lafiya ta daina fitowa. A watan Mayun 2004 mijinta yayi abun da ba'a saba gani ba a gidan, ya faɗa ma ƴan jarida cewa Masako ta gaji tiɓis wajen ƙoƙarin sabawa da rayuwar fada, kuma an yi wasu take-take na danne aikinta da mutuntakarta. A Yulin shekarar fada ta sanar cewa tana fama da ciwon damuwa irin na kasa sabawa da yanayi, kuma sama da shekara goma ba kasafai ake ganinta a taro ba. Surukarta Michiko ma ba ta tsira ba a nata lokacin, a Oktoban 1993 bayan mujallu sun sako ta gaba da suka ta yanke jiki ta faɗi ranar zagayowar haihuwarta, ta yi watanni bata iya magana.

Wani zai ce toh ta fita mana idan ta gaji. Sashe na 14 yayi maganar fita, idan mijin ya rasu matar yarima da ta shigo daga waje tana iya barin gidan da son ranta, idan kuma aure ya mutu toh kai tsaye ta daina zama ƴar gidan. Amma ƴaƴan jinin sarauta ne, suna nan a kundin gidan, ita kaɗai zata koma rajistar talakawa.

Ɗaya gefen kuma shine na ƴaƴa matan da aka haifa a ciki. Sashe na 12 yace duk gimbiyar da ta auri wanda ba ɗan gidan ba ta rasa matsayinta, kuma tunda babu wasu samarin dangi da suka rage, kusan duk aure fita ne. Ita ba sai Majalisar Fada ta zauna akan aurenta ba tunda barin gidan zata yi. Akwai wata dokar daban ta kuɗin gidan sarauta da tace a bata kuɗi dunƙule sau ɗaya dan ta riƙe mutuncinta a waje, Sayako ƴar Sarki Akihito da ta auri ma'aikacin gwamnatin birnin Tokyo a Nuwamban 2005 an bata yen miliyan 152.5. Mako kuwa, ƴar ƙanin Naruhito, da ta auri abokin karatunta Kei Komuro ranar 26 ga Oktoba 2021, bayan shekaru ana caccakarsu akan wata rigimar kuɗi ta mahaifiyarsa har likitoci suka ce abun ya taɓa mata lafiyar ƙwaƙwalwa, cewa tayi bata son kuɗin, ba'a yi bukukuwan al'ada ba, aka kai takardar aure ofishin ƙaramar hukuma, bayan ƴan makonni suka tashi zuwa New York.

Kuma fa ba wai ba'a taɓa sarauniya mai mulki a Japan ba, mata takwas sun hau kujerar a tarihi, ta ƙarshensu Go-Sakuramachi ta sauka a 1771. Masu ra'ayin riƙau suna cewa dukkansu jininsu ta wajen uba ne kuma riƙo suka yi kafin namiji ya karɓa, wannan hujjar suke tsaye akai. Gyaran dokar bashi da wahala a takarda, tunda doka ce ta majalisa kamar kowace, rinjaye kawai take buƙata ba sai an taɓa tsarin mulki ba. A Nuwamban 2005 kwamitin da Firaminista Koizumi ya kafa ya bada shawarar a bar ɗan fari ya gada ko mace ko namiji, ana shirin kai ƙudiri majalisa sai aka sanar Gimbiya Kiko matar ƙanin yarima nada ciki, ranar 6 ga Satumba 2006 ta haifi Hisahito, namiji na farko a gidan tun 1965 bayan mata tara a jere, shikenan aka ninke takardar aka ajiye. A Disambar 2021 wani kwamitin ya kawo shawara biyu, ko gimbiyoyi su ci gaba da zama ƴan gida bayan aure, ko a bari a ɗauko maza daga rassan nan da aka sauke a 1947 a matsayin ƴaƴan riƙo, maganar mace ta gaji kujera kuwa ya tsallake ta.

Naruhito ya hau sarauta ranar 1 ga Mayu 2019, Masako ta zama sarauniya, tana fitowa yanzu tana tarbar shugabannin ƙasashe tana hira dasu ba tafinta, duk da likitocinta na cewa bata gama warkewa ba. Ƴarsu Aiko bata cikin layin gado. A ƙarshen 2024 mutanen gidan gaba ɗaya sun koma 16, masu jiran gado kuma uku ne, ƙanin sarki Akishino da aka haifa a 1965, ɗansa Hisahito, sai baffan sarki Yarima Hitachi da aka haifa a 1935. Idan sashe na 1 ya zauna yadda yake, Hisahito ne kaɗai matashin da ya rage, kuma duk yarinyar da majalisar mutum goman nan zata amince masa ya aura, ita kaɗai ce za'a zuba ma ido ta haifo namiji.