Waiwaye: Yadda Biba Mai Gina Madatsar Ruwa Ta Kusa Ƙarewa, Sannan Ta Dawo

A dazuzzukan ƙasashen sanyi, daga Kanada da Amurka zuwa arewacin Turai da Rasha, akwai wata dabba da ake kira biba, wadda ba ta rayuwa a ƙasarmu, shi ya sa ba ta da sunan Hausa. Danginta su ne gafiya da kurege da beguwa, wato masu gwaguya da haƙoran gaba, kuma a duk dangin nan dabba ɗaya ce kawai ta fi ta girma, wato kafibara ta Kudancin Amurka. Babbar biba tana kai nauyin kilo 20 ko fiye. Bai kamata yara su rikita ta da karen ruwa ba, domin shi kifi yake ci, ita kuwa abincinta ɓawon itace ne da ganye da tsiron ruwa.

Haƙoranta na gaba launin ruwan goro ne saboda sinadarin ƙarfen da ke jikinsu, kuma ba sa daina tsiro har ta mutu, don haka gwaguyar itace ita ce ke rage musu tsawo, tana kuma wasa su. Da su take sare bishiya har ta faɗi. Wutsiyarta faffaɗa ce kamar allon karatu. Da ita take juya akalarta a cikin ruwa, idan kuma ta hangi abin tsoro sai ta maka ta a kan ruwa da ƙarfi, duk 'yan gidan su ji su nutse. Tana iya yin kusan minti 15 a ƙarƙashin ruwa ba tare da ta leƙo ta shaƙi iska ba.

Aikin da ya sa aka san ta shi ne datse ƙorama. Takan jawo rassa da duwatsu ta jera su, ta yaɓe da laka, har ruwan ya taru ya zama tafki, sannan ta gina ɗakinta a cikin tafkin. Hikimar ginin tana ga ƙofar, domin a ƙarƙashin ruwa take, ta yadda kyarkeci ko wani maci nama ba shi da hanyar shiga, alhali ɗakin kwanan yana sama da ruwa a bushe. Uwa da uba da 'ya'yansu ke zaune tare a ciki, kuma 'ya'yan kan yi kimanin shekara biyu kafin su tafi neman nasu wurin. Kafin hunturu ya kama, sukan tara rassa a ƙasan tafkin, idan saman ruwa ya daskare ya zama ƙanƙara sai su riƙa ɗebowa daga wannan rumbu suna ci. Madatsa mafi tsawo da aka sani tana gandun dajin Wood Buffalo a lardin Alberta na Kanada, tsawonta kimanin mita 850, kuma a hoton tauraron ɗan'adam aka fara hango ta a 2007.

Amma a ƙarnonin baya ba wannan gini ne ya ja hankalin Turawa ba, jikinta suke so. Ƙarƙashin dogon gashinta akwai wani gashi mai laushi da kauri, wanda ake dannewa a yi hula mai tsada da ruwan sama ba ya lalatawa, sannan akwai wani mai da ke fita daga jikinta da ake sawa a magani da turare. Farauta ta yi tsanani har biba ta ɓace daga Birtaniya a ƙarni na 16. Da ta yi ƙaranci a Turai, sai fatake suka juya zuwa Arewacin Amurka, inda biba take da yawa ƙwarai a lokacin. A 1670 Sarki Charles na Biyu na Ingila ya ba kamfanin Hudson's Bay izinin ciniki a faɗin ƙasar da ke kewaye da mashigin tekun Hudson da ke Kanada ta yau, kuma 'yan asalin ƙasar ne ke kawo fatu suna musaya da bindiga da bargo da tukwane da gatari. Fatar biba ta zama ma'aunin farashi a shagunan kamfanin, kamar yadda wuri ya taɓa zama kuɗi a kasuwanninmu.

Abin da ya fara sassauta wa dabbar, abin mamaki, canjin yayi ne: a wajajen 1840 masu hali a Turai suka koma sa hular siliki. Duk da haka ɓarnar ta riga ta yi nisa. A farkon ƙarni na 20, bibar Turai da Asiya da ta rage ba ta wuce 1,200 ba, a wasu 'yan wurare da ke warwatse, a Arewacin Amurka ma ta ɓace daga koguna masu yawa.

Bayan tafiyarta ne aka gane abin da take yi wa ƙasa. Inda babu mai gyara madatsa, ruwan sama kan wuce a guje, ya zaizaye gaɓar rafi, da rani kuma wurin ya bushe. Inda take kuwa, ruwa kan tsaya ya ratsa ƙasa a hankali, laka ta kwanta, wurin ya zama fadama mai kwaɗi da agwagi da kifi da tsuntsaye, ambaliya ta ragu ga garuruwan da ke ƙasan kogi, har gobarar daji kan bar irin wannan wuri kore saboda danshinsa.

Daga nan aka shiga mayar da ita. Suwidin ta ɗauko biba daga Norwe a 1922, wasu ƙasashen Turai suka bi sahu, kuma yau yawanta a Turai da Asiya ya haura miliyan ɗaya. Labarin da yara suka fi so shi ne na jihar Idaho a Amurka, inda a 1948 ma'aikatan daji suka rasa hanyar kai biba wani lungun daji da mota ba ta zuwa, sai suka sa guda 76 a akwatunan katako masu buɗewa da kansu idan sun taɓa ƙasa, suka sako su daga jirgin sama da lemar sauka da ta rage bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ɗaya kaɗai ta mutu. A Birtaniya an saki biba a dajin Knapdale na Sukotilan a 2009, a 2020 kuma gwamnati ta amince waɗanda ke kogin Otter a yankin Devon na Ingila su ci gaba da zamansu.

Ba kowa ke murna da dawowarta ba, kuma masu ƙorafi suna da hujja. Manomin da tafkin biba ya malale wa gona, ko aka sare masa itatuwan lambu a dare ɗaya, asara ya yi, shi ya sa a wasu wurare ake naɗe gindin bishiya da ragar waya, ko a zura bututu ta cikin madatsar don ruwan kada ya wuce ƙima. Mafi muni shi ne abin da ya faru a tsibirin Tierra del Fuego da ke can ƙarshen Kudancin Amurka, inda Ajantina ta kai biba daga Kanada a 1946 don kasuwancin fata. A can babu namun dajin da ke cin ta, itatuwan wurin kuma ba sa sake tofowa idan an sare su ko ruwa ya shanye gindinsu, saboda haka ta yaɗu ta kashe daji mai faɗi, har Ajantina da Chile suka ƙulla yarjejeniya a 2008 don kawar da ita.

A farkon 2025 wani labari ya fito daga yankin Brdy na Jamhuriyar Czech. Hukumomi sun shafe shekaru suna shirin gina madatsa don farfaɗo da wata fadama, neman izini yana ta jan ƙafa, sai wani iyalin biba ya datse ruwan a wurin, kuma jami'an yankin suka ƙiyasta cewa aikin da dabbobin suka yi ya kai na dala miliyan ɗaya da ɗoriya.