Idan mai ciwon suga ya fara sambatu, dan Allah ku fara duba sugansa

Assalamu alaikum jama'a. Tun satin da ya wuce nake son yin rubutun nan aiki bai barni ba, amma abin ya tsaya min a rai saboda ba yau na fara ganinsa ba a ɗan ƙaramin asibitin da nake aiki.

Wajen ƙarfe sha ɗaya na safe aka shigo mana da wani dattijo a adaidaita sahu, 'ya'yansa biyu sun rirriƙe shi matarsa na biye da takalmansa a hannu, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi alhali sanyi ake yi, yana ta fizge-fizge yana zagin duk wanda ya taɓa shi, mutumin da 'ya'yan suka ce ko yatsa ka sa masa a baki ba zai ciza ba. Babban ɗan yace min "likita tun hantsi Baba ya birkice, bai gane Hajiya ba, sunan ƙaninsa da ya rasu yake ta kira, mun yi tofi mun yi hayaƙi abin sai gaba yake". Nace yana shan wani magani? Suka ce na suga da na hawan jini. Nace ya karya kuwa yau? Sai Hajiya tace ya dai sha maganinsa bayan asuba, ta kawo koko yace a ajiye sai ya dawo daga jana'iza, kuma da ƙafa suka je maƙabarta suka dawo.

Na soki yatsansa na ɗiga jinin a na'ura, ta nuna 41, wato sugansa ya yi ƙasa sosai. Tunda na ga yana iya haɗiya sai na dama suga cokali ɗaya babba a rabin kofin ruwa, ina kai masa baki Hajiya ta riƙe min hannu tace "ɗan nan suga fa aka hana shi, shekara tara rabonsa da shi". Wallahi ban ga laifinta ba, abin da muka yi ta nanata musu kenan a asibiti, mu ne ba mu gaya musu ɗaya ɓangaren ba. Nace Mama ki bari ya sha zan miki bayani. Ba a yi minti ashirin ba sai ga Baba ya nutsu yana kalle-kalle, yace "me ya kawo ni nan, ina hulata?" Bai tuna komai ba tun daga dawowarsu daga maƙabarta.

Toh me ya sa ƙarancin suga yake fara taɓa hankali kafin komai? Ƙwaƙwalwar mutum nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba amma ita kaɗai tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki yake ƙonawa, kuma abincinta na yau da kullum shi ne sugan nan da ke yawo cikin jini wanda ake kira gulukos, tana cin wajen giram 120 a rana ko kana barci ko kana farke. Matsalar ita ce ba ta da rumbu. Hanta tana da nata ajiyar, tsoka ma tana da tata kuma tana iya ƙona kitse idan ta matsu, amma ƙwaƙwalwa hannu baka hannu ƙwarya take yi, abin da jini ya kawo mata yanzu shi za ta ci yanzu. Shi ya sa da zarar sugan ya yanke ba a ɗaukar awanni, cikin mintuna mutum yake canzawa.

A na'urar gwaji idan ka ga ƙasa da 70 suga ya yi ƙasa, idan ya sauka ƙasa da 54 an shiga haɗari sosai. Wasu na'urorin da wani ma'aunin suke lissafi, a nan 70 ɗin shi ne 3.9, 54 kuma shi ne 3.0, 'yan uwanmu na Nijar kuma a takardar gwajinsu za su ga an rubuta 0,70. Duk abu ɗaya ne, kowa dai ya san da wanne tasa na'urar take magana.

Jiki ba ya yin shiru, yana fara yin kururuwa tukunna. Mutum zai ji gumi mai sanyi ya keto masa, hannu na rawa, gaba na faɗuwa zuciya na bugawa da sauri, ga wata irin yunwa kamar an yashe ciki, wani leɓensa ya riƙa yin tsiki-tsiki. Wannan gargaɗi ne, kuma duk wanda ya gane shi a nan ya sha abu mai zaƙi an gama magana. Idan aka wuce nan ne ita kanta ƙwaƙwalwar take fara gazawa, kuma ɓangaren tunani da yanke shawara shi ke fara tafiya. Za ka ga ɗan kasuwa ya kasa lissafin canjin da yake yi kullum, mace ta tsaya a tsakar gida da ludayi ta manta me ta fito yi, liman ya rikice a surar da ya haddace tun yana yaro. Sai gani ya koma dishi-dishi ko abu ɗaya ya zama biyu, harshe ya yi nauyi magana ta riƙa fita kamar ta wanda ya sha wani abu, tafiya ta zama tangaɗi, wani ya kama faɗa wani kuka wani dariya ba dalili. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne a wannan matakin mutum ba ya gane cewa shi ne ba lafiya, kana miƙa masa lemo yana ture hannunka yana cewa lafiyarsa ƙalau, saboda abin da zai gane da shi ɗin shi ne yunwa ta kama. Daga nan sai jijjiga kamar mai farfaɗiya, sai suma. Wani ma ɓarin jikinsa ɗaya ne zai saki har a ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce, a ba shi suga ya miƙe.

Kun ga dalilin da ya sa a wajenmu ake cewa iska ce ko sammu, idan matashi ne kuma ace ƙwaya ya sha. Ni ban hana kowa addu'a ba, a yi tofi a yi ruƙiyya, amma ana yi ana ba shi suga, don idan suman ya yi tsawo awanni suga na can ƙasa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa mutuwa suke yi kuma ba sa dawowa, wani ya farfaɗo da mantuwa ko magana ta lalace, wani kuma shikenan.

Yawanci masu shan maganin suga abin yake samu, kuma ba kowane magani ba. Allurar insulin, wato sinadarin da ke saukar da suga a jini, ita ce kan gaba, sai ƙwayoyi irin su glibenclamide wanda mutane suka fi sani da Daonil, da glimepiride da gliclazide, su waɗannan aikinsu su tilasta wa jiki ya samar da insulin ko ka ci abinci ko ba ka ci ba. Metformin idan shi kaɗai ake sha da wuya ya jawo haka. Ka sha magani ka ƙi karyawa, ko ka shiga gona ka wuni kana huɗa, ko amai da gudawa su hana ka cin abinci amma ka ci gaba da shan maganin yadda ka saba, ko ka ga suga ya hau jiya ka ninka ƙwaya da kanka, ko ka haɗa na asibiti da jiƙe-jiƙen da ba wanda ya san ƙarfinsu, duk hanyoyi ne. Giya ma tana hana hanta sakin suga. Tsofaffi da masu ciwon ƙoda su ne abin ya fi yi wa illa saboda maganin yana daɗewa a jikinsu bai fita ba. Shi Baban nan Daonil yake sha, shi ya sa duk da ya warware ban bar su sun tafi gida ba, na tura su babban asibiti a sa masa ido ya kwana, don sugan mai shan irin wannan yana iya sake faɗuwa bayan awanni.

Akwai kuma waɗanda gargaɗin farkon ya daina zuwar musu. Wanda ya daɗe da ciwon, ko wanda sugansa yake yawan faɗuwa, jiki sai ya saba ya daina yin gumi da rawar nan, kawai sai dai a ga ya rikice. Wasu magungunan hawan jini irin su propranolol da atenolol ma suna ɓoye bugun zuciyar da rawar hannun. Irin waɗannan mutanen iyalinsu ne idonsu. Da daddare ma yana faruwa, idan maigida yana tashi da zanin gado a jiƙe, ko mugayen mafarkai, ko ciwon kai da kasala kullum da safe, a gwada sugansa cikin dare a kai wa likita sakamakon.

Abin yi ba shi da wuya. Idan yana farke yana iya haɗiya, a ba shi suga babban cokali ɗaya a ruwa, ko ƙwayar suga ta kwali guda huɗu, ko zuma cokali ɗaya, ko rabin kofin lemon kwalba irin Coke ko Fanta, amma ban da wanda aka rubuta babu suga a jikinsa. A jira minti 15 a sake gwadawa, in har yanzu yana ƙasa da 70 a ƙara. Idan ya dawo daidai sai ya ci abinci na gaske, tuwo ko burodi ko shinkafa, don sugan ruwan nan saurin ƙonewa gare shi. Tambayar da aka fi yi min ita ce, to in babu na'ura a gida ya za mu san hawa ya yi ko sauka? Ku ba shi sugan. Idan hawa ya yi cokali ɗaya ba zai ƙara masa wani abin a zo a gani ba kafin ku isa asibiti, idan kuwa sauka ya yi kun ceci ƙwaƙwalwarsa. In an ba shi sau biyu bai dawo hayyacinsa ba, ko baki ya karkace, a nufi asibiti kai tsaye.

Wanda ya riga ya suma ko yake jijjiga kuwa dan Allah kar a ɗura masa komai, ruwa ko rubutu ko madara, huhunsa zai tafi. Kar a cusa masa cokali a baki. A kwantar da shi ta gefe, a ɗan jiƙa suga kaɗan a shafa masa a cikin kumatu, a nemi abin hawa nan take, kuna shiga asibiti kalmar farko da za ku faɗa ita ce yana shan maganin suga, ku tafi da kwalin maganin ma. Ta jijiya za a ba shi gulukos.

Maganar azumi dole na taɓa ta don nan ne muka fi ganin abin, musamman daga la'asar zuwa magariba. Mai shan maganin suga ya je ya ga likitansa tun a Sha'aban a gyara masa lokaci da yawan maganin, kar ya bar sahur, kuma ya riƙa gwaji da rana. Idan na'ura ta nuna ƙasa da 70 ko alamomin nan suka zo, a karya, ko saura minti goma a sha ruwa. Na san yana da nauyi a zuciya, na ga dattijuwa tana hawaye saboda haka, amma Allah da kansa ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara ya rama a wasu kwanaki, kuma wanda yake shakka ya tambayi malaminsa tun kafin watan ya kama.

Ba masu ciwon suga kaɗai ba ne fa. Yaron da maleriya ta yi wa tsanani sugansa yana faɗuwa, haka mai juna biyu, kuma maganin kwinin kansa yana ƙara saukar da shi. Yaro mai tamowa ma haka, da jaririn da uwarsa ke da ciwon suga a awannin farko bayan haihuwa, shi ya sa muke matsawa a sa shi a nono da wuri. Yaron da zazzaɓi ya hana shi ci ya koma barci-barci ba ya gane uwarsa, ba na bari sai gobe ba ne. Sai dai a kula, ba a ba jaririn da bai shekara ba zuma. Shi kuma lafiyayyen mutum da ba ya shan magani, jirin yunwa da yake ji da wuya ya kai wannan matakin don hantarsa tana cike giɓin, abinci kawai yake buƙata.

Direbobi da 'yan acaɓa da masu aiki da inji, ku naku ya shafi rayukan wasu. Ko bayan lamba ta dawo daidai ƙwaƙwalwa tana ɗaukar lokaci kafin ta gama dawowa, shi ya sa a Ingila ƙa'idar da aka ba masu allurar insulin ita ce su jira minti 45 bayan suga ya daidaita kafin su sake tuƙi. Ka ji alama a hanya ka gangara gefe ka kashe mota.

Sannan kar a riƙa ɗaukar faɗuwar suga a matsayin abin da ya wuce tunda an sha lemo an warware. Duk sanda ya faru a rubuta rana da lokaci da abin da aka ci a gaya wa likita, don alama ce maganin yana son gyara, kuma a tsofaffi an lura masu yawan faɗuwar suga mai tsanani sun fi shiga haɗarin ciwon mantuwa daga baya. Kar kuma tsoro ya sa a watsar da magani gaba ɗaya, hawan sugan ma yana cin ido da ƙoda da jijiyoyi a hankali.

Shekaranjiya Baban ya dawo da ƙafarsa shi da ƙaramin ɗansa, an canza masa magani a can babban asibitin. Na rubuta masa 'yar takarda da Hausa cewa yana da ciwon suga, in an gan shi a rikice a ba shi abu mai zaƙi a kai shi asibiti, ɗan ya ƙara lambar wayarsa a ƙasa, muka naɗe ta a leda ya sa a aljihun gaba. Sai ya zura hannu a ɗaya aljihun ya fito da ƙwayar suga guda huɗu a ƙulle, yace Hajiya ce take sa masa kullum kafin ya fita masallaci.